Yadda Ake Sayayya da Katin Tallafin Abinci na EBT a Ƙananan Shaguna da Zangon Matafiya a Amurka

Wata Juma'a muka taso daga unguwar Bronx ta birnin Niyok za mu Columbus ta jihar Ohayo ɗaurin aure, mu biyar a mota ɗaya. Bayan mun yi nisa cikin jihar Fensilbaniya yara suka fara kukan yunwa, muka ratse wani babban gidan mai irin wanda direbobin tirela ke yada zango. Wata yayarmu da ba ta daɗe da karɓar katinta ba ta shiga, ta ɗebo soyayyen dankali mai zafi, da shayi kofi biyu, da ayaba, da madara, da ƙunshin famfas. Ta goga kati, ta danna lambar sirri, na'ura ta cire kuɗin ayaba da madara kawai, saura ta bar mata. Ga layi a bayanta, ga mai karɓar kuɗi yana jira. Ta juyo ta dube ni, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Ƙanina, ko sun rufe mini katin ne?" Na ce, "Yaya, katinki lafiyarsa lau, kayan ne ba nasa ba." Na biya sauran muka fito, amma har muka shiga Ohayo ba ta ƙara cewa uffan ba.

Wannan shirun nata shi ya sa na zauna rubuta wannan bayani. Katin yana aiki a hanya kamar yadda yake aiki a unguwa, sai dai ƙaramin shago da zangon matafiya su ne wuraren da aka fi cin karo da kayan da ba ya biya, a nan kuɗin wata ke saurin narkewa, a nan kuma ɓarayin kati suka fi ɗana tarko.

Ga wanda bai saba ba, sunan wannan shiri na tallafin abinci SNAP tun 2008. Kafin nan ana ce masa Food Stamps, sunan da tsofaffin mazauna ke kira har yau, tun dokar da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1964. Ma'aikatar Noma ta tarayya, USDA, ita ke ba da kuɗin, jihohi kuma su ke rajista da rabawa. Zuwa 2004 duk jihohi sun bar takardu sun koma kati, shi ne EBT. Haƙƙi ne da doka ta ba wanda ya cika sharaɗi, miliyoyin Amurkawa haifaffun ƙasar da shi suke cefane, don haka ka riƙe shi yadda kake riƙe katin banki.

Mataki na farko: shiri tun daga gida

Shirin zaune ya fi na tsaye. Daren da za ka yi tafiya, duba abin da ya rage a katin. Hanya uku ce: rasit ɗin sayayyarka ta ƙarshe, wanda ake buga ragowar kuɗi a ƙasansa, lambar wayar da ke bayan katin, wadda kiranta kyauta ne dare da rana, ko manhajar da jiharka ke amfani da ita, ebtEDGE a wasu jihohi, ConnectEBT a wasu.

Sai ka duba wani abu da mutane ke mantawa. A cikin waɗannan manhajoji akwai maɓallin hana amfani da kati a wajen jiharka. Da yawa daga cikinmu sun kunna shi saboda tsoron ɓarayi, kuma sun yi daidai. To amma idan ka tsallaka daga Niyok zuwa Niyu Jasi da shi a kunne, katin zai ƙi ka kai ma. Ka kashe shi lokacin da za ka biya, ka mayar bayan ka gama. In ba irin wannan kulle ba, doka ta ce katin kowace jiha ya yi aiki a duk jihohi 50 da birnin Washintan.

Ka kuma san ko asusu nawa ne a katinka. Wasu iyalai suna karɓar tallafin abinci kawai. Wasu kuma akwai tallafin tsabar kuɗi a kan katin guda, wanda na'ura ke nunawa da sunan EBT Cash. Wannan na biyun ana iya cire shi a ATM, ana iya sayen famfas da sabulu da shi a shagon da ke karɓa. Na abinci kuwa abinci ne kawai. Katin WIC na mata masu ciki da ƙananan yara shiri ne dabam, da nasa jerin kaya da nasa shaguna, kuma galibi ba ya tsallake jihar da ta bayar da shi, kada ka dogara da shi a hanya.

Shawarar da ta fi kowace amfani a wannan mataki ita ce ka yi guzuri. Ka je babban kanti kwana ɗaya kafin tafiya, ka sayi katan ɗin ruwa, burodi, ƙwai ka dafa, tuffa, dabino, gyaɗa, ka zuba masu lalacewa a kula da ƙanƙara. Ruwan da za ka saya kwalba ɗaɗɗaya a bakin hanya, kuɗin 'yan kwalabe kaɗan sai ya kai na katan guda a babban kanti. Shagon hanya na cike giɓi ne. Wanda ya mai da shi wurin cefane zai ga kati ya ƙare wata bai raba ba.

Mataki na biyu: gane shagon da ke karɓa

Lasisin karɓar EBT ba na kamfani ba ne gaba ɗaya, kowane reshe da nasa. Shi ya sa za ka ga reshen wani kamfani ya karɓa a wannan gari, wani reshen mai suna iri ɗaya ya ƙi a gari na gaba. Haka abin yake ga shaguna irin su 7-Eleven, Circle K, Wawa da Sheetz, haka kuma ga manyan zangon direbobi irin su Pilot, Flying J, Love's da TA. Kafin a ba shago lasisi sai ya nuna yana ajiye abinci na asali: kayan lambu da 'ya'yan itace, madara da danginta, nama da kifi, burodi da hatsi. Wurin da fiye da rabin cinikinsa dafaffen abinci ne, gidan abinci ake ɗaukarsa, ba a ba shi.

USDA tana da taswira a shafinta na intanet mai suna SNAP Retailer Locator. Ka rubuta sunan gari ko lambar yankin da za ka tsaya, za ta fito maka da shagunan da ke kusa. In ba ka duba ba, ka kalli ƙofa ko gilashin shagon, yawanci akwai tambarin EBT ko SNAP ko Quest a manne. In ba ka ga komai ba, ka tambaya kafin ka ɗauki ko da ayaba ɗaya. Matambayi ba ya ɓata, kuma tambaya a bakin ƙofa ta fi mayar da kaya a gaban layi sauƙi.

A babban zango akwai abin lura. Gini ɗaya ne, amma ciki akwai shagon kaya, akwai gidan abinci ɗaya ko biyu, wani lokaci da kanta ta musamman ta biyan kuɗin dizal. Shagon kayan ne kawai ke da lasisin. Kada ka je kantar gidan abincin da katin.

Mataki na uku: zaɓen kaya, inda aka fi tuntuɓe

Ka riƙe wannan a ranka: abinci ne ko abin sha, ba mai zafi ba ne a lokacin biya, kuma tafiya da shi za a yi. Abin da ya cika waɗannan, galibi katin zai biya.

Don haka madara, yogot, cuku, ƙwai, burodi, biskit, hatsin karin kumallo, kifin gwangwani, ayaba, lemo, gyaɗa, ruwan kwalba, ruwan 'ya'yan itace, madarar jarirai, duk suna shiga. Ƙanƙarar leda da ake zubawa a kula ita ma tana shiga, abin da mutane da yawa ba su sani ba. Sanwici mai sanyi da aka naɗe aka ajiye a firji yana shiga, haka salat na roba.

Zafi shi ne iyaka. Kazar da ke ƙarƙashin fitila, soyayyen dankali, yankan fiza mai ɗumi, miya a tukunya, kofi ko shayin da ka tsiyaya daga na'ura, duk katin ba ya biya. Kofin kwalba mai sanyi daga firji kuwa yana biya. Ni a ganina wannan doka tana takura wa matafiyi da direban da ba shi da murhu, domin shi ne ya fi kowa buƙatar abu mai ɗumi a ciki. Amma ita ce doka, kuma mai karɓar kuɗi ba shi da ikon sauya ta, kada ka ɗora masa laifi.

Akwai mafita ta halal. Yawancin waɗannan shaguna suna da na'urar ɗumama abinci a gefe. Ka ɗauki abin da kake so da sanyinsa, ka biya tukuna, sannan ka tambaya ko za ka iya ɗumamawa. Idan ka ɗumama kafin ka kai kanta, ya zama abinci mai zafi, ka fitar da shi daga layin katin da hannunka. Shayi kuma, ka zo da ganyenka da sukari da fulas ɗin ruwan zafi daga gida.

Sau biyu ake sassauta dokar zafi. Na farko, wasu jihohi, ciki har da Kalifoniya, Arizona da Niyok, suna da shirin da ke ba 'yan shekara 60 zuwa sama, da masu naƙasa, da marasa matsuguni damar sayen dafaffen abinci a gidajen abincin da aka amince da su. Jiha ce ke sa alamar a katin wanda ya cancanta, ba a kanta ake nema ba. Na biyu, bayan bala'i kamar guguwa ko ambaliya, USDA kan ba da izinin abinci mai zafi na 'yan makonni a yankin da abin ya shafa.

Abin sha mai ƙara kuzari yana da nasa sirri. Juya gwangwanin ka karanta kan jadawalin da ke baya. Idan an rubuta "Nutrition Facts", abinci ake ɗaukarsa. Idan "Supplement Facts" ne, an sa shi a sahun ƙarin sinadarai, katin ba zai biya ba. Ƙananan kwalaben nan da ake jerawa a gaban kanta don direbobin dare, da yawansu na biyun ne. Haka bitamin da maganin ciwon kai.

Sauran abin da ba ya shiga a bayyane yake: fetur da dizal, taba, giya, tikitin caca, sabulu, man goge baki, tishu, famfas, cajar waya, abincin kare da kyanwa.

Lemon kwalba da alewa kuwa, a da duk ƙasar doka ɗaya ce, suna shiga. Yanzu abin ya rabu. A 2025 USDA ta fara ba jihohi izinin cire su, kuma daga 1 ga Janairun 2026 jihohin Indiyana, Ayowa, Nebraska, Yuta da Bajiniya ta Yamma suka fara aiki da hanin, wasu jihohin na biye. Kowace jiha da nata jeri: wata lemo kawai ta cire, wata ta haɗa da alewa, wata da abin sha mai ƙara kuzari. Shago yana bin dokar jihar da yake cikinta. Mai bin babbar hanyar I-70 daga Fensilbaniya zuwa Ohayo yana ratsa ɗan tsukin Bajiniya ta Yamma a garin Wheeling, in ya zarce kuma ya faɗa Indiyana. Lemon da katin ya biya da safe yana iya ƙin biya da la'asar, ba tare da komai ya sami katin ba.

Sai abin da na'ura ba za ta duba maka ba. Katin bai san halal ba. A shagon hanya naman alade yana ɓuya a wurare da yawa: cikin sanwici mai sanyi, cikin busasshen naman leda mai kama da kilishi, cikin soyayyar fatar alade da ake jerawa tare da cincin ɗin dankali kamar ɗaya suke. Ka karanta jerin abin da aka haɗa, ka nemi kalmomin "pork", "ham", "bacon", "lard", "pepperoni" da "gelatin", wannan na ƙarshen a alewa mai danƙo da wasu yogot. Ni idan na shiga irin wannan wuri da yara, hannuna ba ya wuce kifin tuna na gwangwani ko na leda, dafaffen ƙwai, cuku, burodi, ayaba da madara. Suna ƙosarwa, kuma hankali a kwance.

Mataki na huɗu: a gaban kanta

Tun kana zagayawa ka raba kayanka biyu, na kati a hannu ɗaya, na aljihu a ɗaya. Manyan shaguna na'urarsu na rabawa da kanta, ta cire na EBT ta nuna maka saura. Ƙananan shagunan unguwa da yawa mai shagon ne ke rabawa da ido, to ka sauƙaƙa masa. Ka ce masa "EBT" kafin ya fara lissafi.

Ka goga katin da kanka, ka zaɓi asusun abinci idan na'ura ta tambaya, ka dubi adadin da ke kan allo kafin ka danna lambar sirri. Idan kuɗin katin bai kai ba, ka gaya masa adadin da za a cire daga ciki, ka cika saura da tsaba ko katin banki. An yarda da haka.

Akwai haƙƙoƙinka da ya kamata ka sani a nan. Ba a ɗora harajin sayayya a kan abin da SNAP ya biya. Shago ba shi da izinin ce maka sai ka sayi kayan dala biyar ko goma kafin ya karɓi katin, ko da yana yi wa masu katin banki haka. Ba shi da izinin ƙara maka kuɗin goga kati, ko ya sayar maka da tsada fiye da mai tsabar kuɗi. Lambar sirri ita ce shaidarka, kuma duk wanda ke cikin iyalin da aka yi wa rajista yana iya sayayya da katin. A jihohin da doka ta ɗora kuɗin ajiyar kwalba, kamar senti 5 a Niyok da senti 10 a Mishigan, katin yana biyan wannan. A birnin Niyok kuma an yafe wa mai biya da SNAP senti 5 na jakar takarda.

Karɓi rasit, ka karanta shi kafin ka fita. Idan an cire sau biyu ko an sa abin da ba ka ɗauka ba, gyara a nan take ya fi sauƙi. Duk abin da ka mayar, kuɗinsa katin yake komawa, ba a ba ka a hannu.

Mataki na biyar: tsare katin daga ɓarayi

Wannan ne ya fi ci mini rai, domin na ga uwa mai 'ya'ya huɗu ta wayi gari ranar da kuɗin wata ya shiga, kafin ta kai kanti an kwashe shi tas a wata jiha da ba ta taɓa takawa ba. Yawancin katunan EBT har yanzu baƙin layin baya suke amfani da shi, ba su da ɗan guntun ƙarfen tsaro irin na katin banki, ko da yake Kalifoniya ta fara raba masu shi a 2025. Ɓarayi suna ɗora wata fuskar roba a kan na'urar biya, mai kama da ta ainihi sak, tana kwafe bayanan kati da lambar sirri. Sau da yawa mai shagon ma bai sani ba. Sai su jira ranar shigar kuɗi.

A da gwamnatin tarayya tana mayar da abin da aka sace ta wannan hanya, amma wannan ya shafi satar da aka yi daga 1 ga Oktoban 2022 zuwa 20 ga Disamban 2024 ne kawai. Bayan nan, a yawancin jihohi, abin da ya tafi ya tafi.

Kafin ka goga, kama gefen na'urar ka ɗan jijjiga. Idan fuskarta tana motsi, ko ta fi kauri fiye da yadda ka saba gani, ko maɓallan suna da tauri, ka fasa, ka gaya wa mai shagon. Rufe maɓallan da tafin hannu lokacin danna lamba. Kada ka faɗa wa mai karɓar kuɗi lambar don ya danna maka, komai saurin da ake yi. Ka bar katin a kulle cikin manhaja kullum, ka buɗe shi kana kan layi, ka kulle kafin ka tada mota. Da ka dawo daga tafiya ka canza lambar sirri, ka kuma saba canza ta kwana ɗaya kafin ranar shigar kuɗi. Duk saƙon waya da ya ce an rufe katinka ka kira wata lamba ka ba da lambar sirri, na 'yan damfara ne. Hukuma ba ta tambayar lambar sirri.

Idan katin ya ƙi

Kada ka yi ta danna lamba kana gwadawa. Bayan kuskure uku ko huɗu, gwargwadon jiha, katin zai kulle kansa. Koma gefe, ka duba abu huɗu: ragowar kuɗi, kullen da ka sa a manhaja, hanin wajen jiha, da kuma ko kayan da ka ɗauka ne matsalar. Idan baƙin layin ne ya goge, wasu shaguna suna iya shigar da lambar katin da hannu, kai kuma ka danna lambar sirri. Idan na'urar shagon ce ta faɗi, gara ka nufi shago na gaba. In kuwa ka ga an ciri kuɗin da ba kai ka kashe ba, ka kira lambar bayan katin a take ka soke shi, sannan ka kai rahoto ofishin jiharka.

Abin da zai raba ka da tallafin

A unguwanninmu akwai sabo da mai shago, har ya zama kamar ɗan'uwa. Ka ɗauki kaya bashi, ka ce idan kuɗi ya shiga za ka goga. A gida wannan mutunci ne, amma a dokar SNAP laifi ne, ba a biyan tsohon bashi da katin. Wanda ya fi shi muni shi ne mai shago ya goga dala 100 ya ba ka wani abu a hannu, ko ya goga kuɗin famfas da sunan madara. Kwamfutocin hukuma suna bibiyar cinikin kowane shago, kuma ƙaramin shagon da ake yawan goga manyan kuɗi a cikinsa shi suke fara zargi. Wanda aka kama da karya doka da gangan, karon farko ana dakatar da shi wata 12, na biyu wata 24, na uku har abada. Sayar da tallafin da ya kai dala 500 kuwa, karo ɗaya ya isa a cire mutum har abada. Ga wanda takardun zamansa ba su gama kammala ba, irin wannan tabo yana iya bin sa har gaban jami'an shige da fice.

Masu doguwar tafiya su ma su kula. Yin sati ɗaya ko biyu a wata jiha ba komai. Amma idan jiharka ta ga wata da watanni duk sayayyarka a wani wuri take, tana iya aiko maka takarda ta tambayi inda kake zaune. Direban da aikinsa ke yawo da shi ya ajiye takardar haya da shaidar aiki, ya amsa wasiƙar kafin wa'adinta ya cika. Wanda ya ƙaura da gaske ya rufe fayil ɗinsa a tsohuwar jiha kafin ya buɗe a sabuwa, domin yin ƙarya kan wurin zama don karɓa a jiha biyu yana jawo dakatarwar shekara 10.

Mai zuwa ganin gida Kano ko Maraɗi ko Kumasi kuma, katin ba ya aiki a wajen Amurka. Kada ka bar wa maƙwabci ko aboki ya riƙa cefane da shi, sai wanda ke cikin fayil ɗinka ko wakilin da ka rubuta wa hukuma sunansa. Ragowar kuɗin wata yana tsallakawa zuwa wata na gaba, amma idan katin ya yi wata tara ba a taɓa shi ba, ana fara kwashe abin da ke ciki. Idan zaman zai yi tsawo, ka sanar da ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗinka kafin ka hau jirgi.